Sha Huɗu a Bayan Rumbu

Kowa a unguwar ya san Malam Lawal yana shan taba, in ban da mutanen gidansa. Su kam ba su sani ba, kuma shekara arba'in suka yi suna kula da wannan rashin sanin nasu kada wani abu ya taɓa shi. In ya ci tuwo ya wanke hannu, sai ya miƙe ya gyara zaman hula ya ce zai je ya duba rumbu. Da hantsi zai duba, bayan azahar zai duba, da la'asar ma haka. Da a ce dubawa tana ƙara hatsi, da rumbun nan ya ciyar da Roni har an kai saura Gwiwa. Zai dawo yana taunar goro, warin yana biye da shi har tsakar gida, matarsa Inna Mairam ta ce, "Sannu Malam, ya rumbun?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau."

Tsakanin rumbun da katangar gida akwai ɗan lungu da bai wuce mutum ɗaya ya tsuguna ba. A jikin katangar akwai rami, an toshe bakinsa da tsingaro. Nan kwalin tabar da ashana suke zama. Ɗan Malam Lawal, Shafi'i, ya gano ramin tun yana ɗan shekara tara, ranar da ya biyo kaza, ya mayar da tsingaron yadda ya same shi, bai kuma faɗa wa kowa ba.

Shafi'i shi ne ɗan fari, gidan kuwa gida ne mai kunya ta gaske, irin ta mutanen da kakarsu ta zo da Fillanci a baki. Shekararsa talatin da huɗu, yana da mata, Nafisat, da 'ya'ya biyu da shagon gyaran waya a Kazaure, amma bai taɓa jin sunansa daga bakin ubansa ba. "Kai" ne, ko "wannan". Uwarsa ma ta fi tsanani. In tana da magana da shi sai ta faɗa wa bango, ko tukunya, ko duk akuyar da ta gifta, shi kuma ya tsinta. Ƙannensa, kafin aure ya kwashe matan zuwa Babura da Gwiwa, neman abinci ya kai namijin kudu, sukan zauna kusa da tsohon su yi ta yi masa tsiya har ya yi dariya. Shi kuwa daga durƙuso a zaure sai gaisuwa, sai maganar damina, sai a ce ya gaida mutanen gida. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Ana ma cewa wanda aka fi so ake yi wa haka. Shafi'i bai taɓa musu ba, sai dai duk Juma'a in ya hau babur zai koma Kazaure yakan ji ƙirjinsa cike da maganar da ya zo da ita bai sauke ba.

A daminar bana, ranar noman fari, tari ya kama tsohon a gona har ya zauna a ƙasa ya kasa tashi da kansa. Aka kai shi ƙaramin asibiti. Malamin asibitin ya saurari ƙirjin, ya rubuta magani, sannan ya ja Shafi'i gefe.

"Kai ne babban ɗansa ko? Ka gaya masa ya bar taba. Kuma in kun ga numfashi ya fara yi masa wuya, kada ku jira, ku wuce da shi babban asibiti."

Shafi'i ya ce to. Yana fitowa ya ji haushin mutumin ya kama shi. Ka gaya masa! Da wane bakin? A gidansu ko sunan abin ba a kira. Faɗa wa tsohon ya bari daidai yake da ce masa, Baba, tun ina yaro na san abin da kake yi a bayan rumbu. Ya gwammace ya yi noman gonar nan gaba ɗaya shi kaɗai da ya faɗi wannan.

Maƙwabcin shagonsa a Kazaure wani ɗan kudu ne mai suna Justice, mai sayar da caja da murfin waya, wanda ya shekara ashirin a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari gishiri. Shi ma a da mashayin taba ne. Yanzu wani abu yake riƙewa mai kama da ƙaramar tocila, ya danna ya zuƙa ya fesar da tururi mai ƙamshin na'a-na'a. Sigarin lantarki ake ce masa. Da Shafi'i ya ba shi labari, sai ya juya abin a hannu ya ce:

"Ni fa ba likita ba ne, kuma ba zan ce maka wannan lafiya ce ba. Amma da shi na rabu da kwali. In tsoho ba zai iya bari kai tsaye ba, gwada masa."

Ya samo masa ɗaya daga Kano, baƙi, mai babban madanni ɗaya na zuƙa da ƙanana biyu, na ƙari da na ragi, da ɗan gilashi mai nuna lamba. Ya kwance shi a kan tebur ya nuna masa cikinsa. Ga tankin da ake zuba ruwan, ga kuma koyil, 'yar waya ce a naɗe da auduga, ita take yin zafi ta mai da ruwan tururi.

"Lambar nan ita ce ƙarfin wutar," in ji Justice. "Duba jikin koyil ɗin, an rubuta daga sha biyu zuwa sha takwas. Ka sa shi a sha huɗu. In ka yi ƙasa da yawa ba ka samun komai. In ka haura, audugar ta bushe ta ƙone, ka zuƙi hayaƙin tsumma, ya kankare maka maƙogwaro. Mai tari ba ya bukatar wannan. Sha huɗu, ka ji ko?"

Shafi'i ya ji. Lamba ai aikinsa ce. Mutumin da yake wuni yana auna wutar batir ba a koya masa tsoron wuta.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, tsohon yana can ƙofar gida da tsaransa, Shafi'i ya zagaya bayan rumbu a sace kamar ɓarawo. Ya cire tsingaron. Sabon kwali ne a ciki, ko ledarsa ba a ɓare ba. Ya ɗora na'urar a kansa, da kwalbar ruwan, da wayar caji wadda za ta shiga 'yar solar da tsohon yake caja waya da ita. Ya mayar da tsingaron. Da ya fito tsakar gida ya tarar da Inna Mairam tana tankaɗe. Ya durƙusa nesa da ita, ya dubi kajin da ke tsattsagar tsaba, ya ce musu:

"Akwai wani abu da aka ajiye a bayan rumbu. Babban madannin ake dannawa a ja. Ƙananan ba a taɓa su."

Inna Mairam ba ta ɗago ba. Ta buga rariya a tafin hannu sau biyu, ta ce wa garin, "An ji."

Mako guda ya yi bai san inda hankalinsa yake ba. Ya ɗauka zai tarar an jefar da abin a masai, ko a daina amsa gaisuwarsa. Da Juma'a ta zagayo aka amsa gaisuwar kamar kullum, aka yi maganar ruwan da ya yi jinkiri. Ya faki ido ya zagaya. Na'urar tana nan, an goge ta tas, ruwan kwalbar ya ragu, an cika tankin ba tare da an zubar da ɗigo ba. Dama tsohon mai hannu ne, shi yake gyara rediyonsa da kekensa. Kwalin kuma yana ƙasa da ledarsa. Lambar tana sha huɗu. Shafi'i ya tsuguna a lungun nan yana murmushi shi kaɗai, har ƙwalla ta taru masa. A rayuwarsa wannan ne karon farko da ya faɗa wa ubansa magana mai nauyi aka kuma amsa masa.

Haka aka yi mako uku. Warin ya bar tsakar gida, na'a-na'a ta maye gurbinsa. Inna Mairam ta ci gaba da tambayar lafiyar rumbu, ana ce mata lafiya lau.

A mako na huɗu ya tarar da lambar a sha bakwai. Ya yi dariya. Mai gyaran rediyo ai ba zai ga madanni ya ƙyale ba. Ya mayar da ita sha huɗu. Mako na gaba ya same ta a ashirin da biyu, da ya kwance tankin sai ƙauri ya buge shi, audugar ta yi ja a gefe. Ya canja koyil, ya mayar da lamba. Juma'ar da ta biyo baya ashirin da takwas ce, audugar ta zama baƙa ƙirin kamar lagwanin fitila.

Nan ransa ya fara ɓaci. Ya san halin tsohon sarai: in rediyo tana magana sai ya ƙure mata murya, in shayi ne sai an zuba ganye har ya yi ɗaci. Mutum ne da ya yarda cewa komai in ya fi yawa ya fi kyau. To ga shi yanzu yana zuƙar ƙonanniyar auduga da ƙirjin da aka ce a lallaɓa. Ranar Shafi'i ya ƙudurta sai ya yi magana. Ya shiga zaure ya durƙusa. Tsohon yana zaune a kan buzu, ya jingina da bango, carbi a hannu.

"Baba, barka da hutawa."

"Yauwa. An zo?"

"An zo, Baba. Ya gona?"

"Da godiya. Na sa 'yan ƙwadago." Ya ɗan tsaya. "Maimai."

Shafi'i ya yi mamaki kaɗan, don tsohon bai taɓa yarda wani ya yi masa maimai ba, yakan ce 'yan ƙwadago suna binne ciyawa ne kawai. Ya kuma lura cewa yau ba a babban masallaci ya gan shi ba, an ce a na kusa ya yi sallah. Maganarsa ma ta zama gajera, kalma biyu ya huta, kalma uku ya huta. Duk ya gani, sai ya zuba su a buhun tsufa ya ɗaure, don hankalinsa yana kan lamba. Ya buɗe baki ya ce, "Baba, dama..." Tsohon ya ɗago ido ya dube shi, abin da ba kasafai yake yi ba. Shafi'i ya sunkuyar da kai.

"Dama Nafisat ce ta ce a gaishe ku."

"Muna amsawa," in ji tsohon, ya mai da idonsa kan carbi.

Mako na gaba lambar ta kai talatin da biyar. Shafi'i ya ɗauko ƙonannen koyil ɗin a aljihu ya kai wa Justice ya jefa masa a tebur.

"Dubi abin da yake sha. Ina mayarwa yana ƙarawa. Taurin kai ne kawai."

Justice ya shinshina ya yamutsa fuska. "Kai, wannan ai gara ya zauna a bakin murhu. Ka tambaye shi dalili?"

"Ba a tambaya."

"Ku da al'adarku," in ji Justice, yana girgiza kai. "To akwai dabara. Tsaya in nuna maka." Ya ɗauki tasa ya danne ƙananan madannan biyu tare, ya riƙe. Sai ga ɗan hoton kwaɗon ƙofa ya fito a gefen lambar. "Shi ke nan. Zai iya zuƙa, amma ko ya kwana yana danna ƙari lamba ba za ta motsa ba."

Shafi'i ya ji kamar an sauke masa kaya. Ga hanyar da za a yi wa tsoho gardama ba tare da an buɗe baki ba. Ranar Juma'a ya sa sabon koyil, ya cika tanki, ya sauko da lambar zuwa sha huɗu, ya danne madannan biyu har kwaɗon ya fito. Har ma ya yi wani ɗan murmushi na wanda ya ci wasa. Wannan murmushin shi ne abin da ya fi tsaya masa a rai daga baya.

Dabarar ta yi aiki yadda yake so. Juma'a ta zo, sha huɗu, auduga fara sol. Wata Juma'ar, sha huɗu. Ruwan kwalbar ma ya kusa daina raguwa, kwalin kuma yana nan da ledarsa. Shafi'i ya koma gida ya ce wa matarsa, "Nafisat, ina jin Baba ya kusa rabuwa da abin nan gaba ɗaya. Ko na lantarkin ma ya rage." Ta ce alhamdu lillahi. Har ya saya wa Justice tsire. Mako biyar ya yi yana wannan murnar. A cikinsu sau biyu ya zo aka ce tsohon yana ɗaki yana hutawa, ya gaishe shi daga bakin ƙofa, aka amsa da "yauwa" ɗaya.

Ranar wata Talata da hantsi, gero ya nuna ana shirin girbi, wayarsa ta yi ƙara. Lambar tsohon ce, amma muryar Inna Mairam ce, wadda ba ta taɓa kiransa a waya ba. Ba ta yi gaisuwa ba. Ta ce, "A zo da mota."

Ya tarar da tsohon zaune a bakin gado, ya dafa gwiwoyi da hannu biyu, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, leɓɓansa sun canja launi. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Shafi'i ya ɗauke shi cak zuwa mota, karo na farko da ya taɓa jikin ubansa tun yana yaro, ya ji ba shi da nauyi ko kaɗan. Tsoro ya kama shi sosai.

A babban asibiti a Kazaure aka sa masa abin numfashi a hanci da baki, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitar, wata mace mai tabarau, ta fito baranda inda Shafi'i yake tsaye, Inna Mairam tana zaune a ƙasa ta juya musu baya.

"Tun yaushe numfashinsa ya fara gajarta haka?"

Shafi'i ya ce, "Yau ne, likita. Da lafiyarsa ƙalau. Har ma ya bar..."

"Wannan ba na yau ba ne," in ji ta. "Ya yi wata biyu ko fiye. Babu wanda ya lura?"

Sai Inna Mairam ta yi magana. Ba ta juyo ba, da ginshiƙin baranda take yi.

"Tun kafin maimai ne. Abin nan da aka ajiye masa, ya ce numfashinsa ba ya kaiwa ya jawo shi. Sai ya ƙara masa wuta yake samun ɗan abin da zai hana shi komawa wa ɗayan. Duk mako ƙarfin jan yana raguwa, shi kuma yana ƙara wutar. Ya ce yana ɗaci, amma gara ɗacin."

Shafi'i ya dafa bango. Sha bakwai. Ashirin da biyu. Ashirin da takwas. Talatin da biyar. Duk Juma'a ciwon yana rubuce a gabansa da lamba, ƙarara, shi da yake taƙama da karatun lamba, ya karanta taurin kai.

Inna Mairam ta ci gaba, muryarta ba ta rawa. "Ranar da ya danna ta ƙi motsi, ya ɗauka shi ya lalata. Kwana biyu yana fama da ita da bakin wuƙa, hankalinsa a tashe, wai an kawo masa abu ya ɓata. Sai a rana ta uku ya sa tabarau ya duba da kyau. Ya shigo ya ce min, 'Ba lalacewa ta yi ba. Kwaɗo aka sa min.' Na ce a faɗa wa yaron. Ya ce a'a, mai gyara ya fi shi sanin abin da ya dace."

Likitar ba ta gane zancen ba, ba ta kuma tambaya ba. Shafi'i ya ce mata da ƙyar, "Da an kawo shi tun lokacin fa?"

Ta ce, "Huhun ya daɗe da lalacewa, shekaru ne suka taru. Ba zan ce maka da ya warke ba, Allah ne masani. Amma da wuri ya fi."

Ya so a ce ta yi masa ƙarya ta kowace fuska, ko ta ce ba laifinsa, ko ta ce laifinsa ne. Ba ta yi ko ɗaya ba, ta koma ciki.

Kwana biyu ya yi a bakin gadon. A kan tukunyar iskar da ke gefe akwai wani ɗan abin murɗawa mai lambobi, ma'aikaciyar jinya takan zo ta duba shi ta ɗan ƙara. Duk zuwan da za ta yi sai Shafi'i ya miƙe ya ce, "Sista, ya ishe shi kuwa? A tambaye shi mana ko ya ishe shi." Har ta gaji ta ce masa ya zauna, aikinta ne.

A rana ta biyu bayan azahar, Inna Mairam ta fita alwala, tsohon ya buɗe ido. Shafi'i ya sauka daga kujera ya durƙusa a siminti kamar yadda yake yi a zaure. Wannan karon bai tsaya neman hanya ba.

"Baba, ni na rufe. Ban tambaye ka ba. Ka yafe min."

Tsohon ya dubi silin. Ya ɗaga hannu a hankali ya janye abin numfashin daga bakinsa.

"Na sani." Ya huta. "Ai don ni ka yi." Ya sake hutawa, ya daɗe, har Shafi'i ya ɗauka ya gama. "Ɗayar tana nan. Ban ɓare ba."

"Na gani, Baba."

"To." Ya mayar da abin bakinsa. Hannun da ya sauko bai koma kan gado ba, ya sauka a kan hular Shafi'i, ya tsaya a nan. Shafi'i bai motsa ba har sai da ya ji takun uwarsa, sannan hannun ya janye da kansa.

Bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa. Washegari da safe aka yi jana'iza a Roni. Ƙannen suka iso daga Babura da Gwiwa suna kuka a fili, suna faɗin irin wasan da yake yi musu. Shafi'i ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, ana ce masa yanzu shi ne uba, yana cewa Allah ya ba da lada. Justice ya zo da kansa, ya tsuguna a gefe ya ce, "Da ban nuna maka ba." Shafi'i ya ce, "Ka tambaye ni ko na tambaye shi dalili. Ni ne ban yi ba."

Sai bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, ya samu ƙafar zagayawa. Da hantsi ne, rana ta haska lungun. A ƙasa akwai wurin da ƙafafun tsohon suka lotsa saboda shekarun tsuguno, Shafi'i ya sa nasa a ciki. Ya cire tsingaron. Kwalin yana nan, ledarsa ta yi ƙura amma ba a ɓare ba. A kansa na'urar ce, an naɗe ta a cikin tsohon hankici. Ya warware. Tankin cike yake fal. Kewayen ɗan madannin ƙari duk zane ne na bakin wuƙa, ƙanana ƙanana, na mutumin da yake aiki a hankali don kada ya ƙara ɓata kayan wani. Ya danna, gilashin ya kawo haske. Sha huɗu, da kwaɗonta a gefe.

Ya sa manyan yatsunsa biyu ya danne ƙananan madannan. Kafin ya ja numfashi biyu kwaɗon ya ɓace. Iyakar aikin ke nan. Ya zauna dirshan a ƙasa ya jingina da rumbu, kukan da bai yi ba a asibiti, bai yi a maƙabarta ba, ya zo masa gaba ɗaya. Ya cusa hankicin a baki don kada a ji.

Ya daɗe a nan. Can ya ji muryar Inna Mairam daga tsakar gida tana faɗa wa tukunya cewa koko yana hucewa, kuma ba ta san inda mutane suke shiga ba. Ya goge fuska, ya gyara murya.

"Ina duba rumbu, Inna."

Ya ji ta ajiye ludayi, ta rufe kwanon da faifai. Ba ta tambayi lafiyar rumbun ba, ta bar shi ya gama.